Abin da Kare Yake Ji Idan Mutum Ya Yi Masa Magana

Kare ya daɗe a gefen ɗan Adam. A kusa da birnin Bonn na ƙasar Jamus an tono wani kabari mai shekara kusan 14,000. A cikinsa akwai namiji da mace, ga kare kwance tare da su. Tun wancan zamani mutum yake yi wa kare magana. Mafarauci yana cewa "kama". Mai gida yana cewa "fita". Yaro yana kiran kwikwiyonsa da suna, kwikwiyon ya taho a guje yana kaɗa bindi.

To, masu sauraro, tambayar ita ce, me ke shiga kan kare a wannan lokaci? Kalmar yake ganewa, ko muryar yake bi? Ko kuwa hannun mai magana yake kallo? Amsar da bincike ya kawo ita ce, kare yana jin kalma, amma ba ita kaɗai yake saurare ba. Yana haɗa kalma da murya da hannu da halin da ake ciki. A riƙe wannan, don za a yi ta komowa kansa.

Bari a fara daga tushe, wato yadda koyon yake somawa.

A ɗauki gidan mafarauci da yamma. An gama cin tuwo, an kankare ƙanzo an zuba a wani tsohon kwano. Mai gidan ya ƙwanƙwasa kwanon, ya kira sunan karensa, ya ce "zo". Karen ya zo, ya ci. Gobe haka, jibi haka. Bayan kwana kaɗan, ko ba kwano, da ya ji "zo" sai ya miƙe. Ba wanda ya zaunar da shi ya fassara masa kalmar. Sauti ne ya riƙa zuwa gab da abin daɗi, har ƙwaƙwalwarsa ta ɗaure su wuri guda. Irin wannan ɗauri ne masanin nan na Rasha, Ivan Pavlov, ya yi suna a kansa fiye da shekara ɗari da suka wuce, lokacin da ya ga karnukansa suna zubar da miyau tun kafin abinci ya iso. Mafi yawan kalmomin da kare ya sani ta wannan ƙofa suka shiga. Sunansa ma haka ne. A wurinsa suna alama ce cewa maganar da za ta biyo baya da shi ake.

Sai dai akwai wani aiki da ke gaban wannan. Mutum ba ya magana kalma ɗaya ɗaya. Magana tana kwarara ne kamar ruwa, ba tsayawa tsakanin kalma da kalma. Duk wanda ya taɓa sauraron harshen da bai iya ba ya san haka, ba ya gane inda wata kalma ta ƙare wata ta fara. Jariri yana warware wannan ta hanyar lura da gaɓoɓin da kullum suke tafiya tare. A shekarar 2021 masu bincike a birnin Budapest na ƙasar Hangari suka kunna wa karnuka wata ƙirƙirarriyar magana mai kwarara, wadda aka ɓoye kalmomi a cikinta. Awon ƙwaƙwalwarsu ya nuna sun tsinto kalmomin, ta irin hanyar da jariri yake bi.

Yanzu kuma ga shakka, don ba duk abin da ya yi kama da fahimta ne fahimta ba.

A farkon ƙarni na 20 an yi wani doki a birnin Berlin mai suna Hans. Mai shi, Wilhelm von Osten, ya ce dokinsa ya iya lissafi. A tambaye shi biyu a tara da uku, sai ya buga kofato sau biyar ya tsaya. Jama'a suka yi ta tururuwa. Wani masani, Oskar Pfungst, ya zauna ya sa ido, ya fitar da sakamakonsa a 1907. Ya gano cewa idan mai tambayar bai san amsar ba, dokin ma ba ya sani. Idan an tare wa dokin ido, sai ya rikice. Ashe fuskar mutum yake karantawa. Da bugun ya kai adadin da ake jira, sai mai tambaya ya ɗan saki jiki ko ya ɗan ɗaga kai, bai ma san ya yi ba, dokin kuwa ya tsaya. Labarin zuciya, in ji Hausawa, a tambayi fuska, kuma dokin nan fuskar yake tambaya. Tun daga nan duk mai cewa dabbarsa tana jin magana sai an ce masa, to, a raba ta da fuskarka a gani.

Wannan ne ya kawo labarin Rico.

Rico kare ne a Jamus, daga irin karnukan kiwon tumaki na kan iyakar Ingila da Sukotland, waɗanda ake kira boda koli. Masu shi suka ce ya san sunayen kayan wasa kusan 200. Juliane Kaminski da abokan aikinta a cibiyar Max Planck ta birnin Leipzig suka ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Suka zuba kayan a wani ɗaki, mai karen tana wani ɗaki dabam, ba ta ganin kayan, Rico ba ya ganin fuskarta lokacin da yake zaɓe. Ta faɗi suna, ya tafi ya ɗauko. Cikin aike 40 ya dawo da abin da aka ce sau 37. Ba fuska a nan. Kalmar ce ta raka shi ɗakin.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne gwaji na biyu. Aka ajiye wani sabon abu a cikin kayan da ya sani, aka kira wani suna da bai taɓa ji ba. Rico ya shiga, ya duba, ya fito da baƙon abin. Sau 7 cikin 10 haka ya yi. Kamar dai yana cewa, wannan na san sunansa, wancan ma na sani, to sabon suna na sabon abu ne. Bayan mako huɗu aka sake tambayarsa, ya tuna rabin sunayen. An buga wannan a 2004, kuma ya tayar da muhawara, don a da ana ɗauka ƙananan yara ne kaɗai suke koyon kalma ta wannan hanya.

Labarin ya kai kunnen wani dattijo a Amurka, John Pilley, malamin nazarin halayyar ɗan Adam da ya yi ritaya daga kwalejin Wofford a jihar Karolina ta Kudu. A shekarar ya samu wata 'yar kwikwiya, ita ma boda koli, aka sa mata suna Chaser. Ya ce bari ya ga inda iyakar take.

A nan ya kamata a ɗan dakata, masu sauraro, a dubi yadda aikin ya gudana, don ba sihiri a ciki. Dattijon yakan ɗauko abu ɗaya, ya nuna mata, ya faɗi sunansa. Ya jefa, ta ɗauko, ya sake faɗin sunan. Ya ɓoye, ta nemo, ya sake faɗa. Duk cikin wasa, kuma wasan shi ne ladanta. Awa huɗu zuwa biyar kowace rana, har shekara uku. Kayan suka yi ta taruwa, 'yan tsana na ƙyalle da ƙwallaye da faya-fayen roba, har sai da suka kai 1,022, kowanne da sunansa. Abin dariya shi ne, malamin ne ya fara gazawa. Sai da ya riƙa rubuta sunan kowane abu a jikinsa da alƙalami don kada ya manta. Karyar kuwa ba ta karatu, amma ba ta manta ba. Ana zuba mata kaya ashirin ashirin a inda mai tambaya ba ya gani, tana zaɓowa. Shi da abokin aikinsa Alliston Reid suka wallafa sakamakon a 2011. Sun tsaya ne don lokaci ya ƙure musu, ba don kanta ya cika ba.

Yawan sunaye ba shi ne babban abin ba. Babban abin shi ne Chaser ta raba sunan abu da aikin da za a yi da shi. Ta san umarni uku: ɗauko, taɓa da hanci, taɓa da ƙafa. Aka riƙa haɗa waɗannan da sunayen kaya ta hanyar da ba ta taɓa ji ba, tana yin daidai. Ke nan a wurinta "ƙwallo" ba ya nufin "je ki ɗauko ƙwallo". Yana nufin ƙwallon kansa. Ta kuma san cewa abu ɗaya yana iya amsa suna fiye da ɗaya, yana da sunansa na kansa, kuma yana cikin jinsin ƙwallaye, kuma yana cikin kayan wasa. Pilley ya rasu a 2018, Chaser ta bi shi bayan shekara guda.

To amma a nan sai a yi hattara. Rico da Chaser ba su ne ma'aunin karnuka ba, kamar yadda mahaddaci ba shi ne ma'aunin duk ɗalibai ba.

Masana a jami'ar Eötvös Loránd ta Budapest, ƙarƙashin Ádám Miklósi da Claudia Fugazza, sun gwada wannan kai tsaye. Suka tara karnukan gida 34, manya da ƙanana, aka yi wata uku ana koya musu sunayen kayan wasa biyu kacal. Kusan dukansu ba su koya ba. Ga shi kuwa karnukan nan sun iya "zauna" da "kwanta". Umarnin aiki yana shiga da sauƙi. Sunan abu shi ne dutsen da yawancinsu ba sa iya hawa. Masanan sun kuma bazama neman karnuka masu baiwar koyon sunaye a duniya, suka yi shekaru kafin su tara 'yan kaɗan. Akwai wata mai suna Whisky a Norwe, akwai wata 'yar ƙarama mai suna Vicky Nina a Birazil. Waɗannan biyu sun kama sabon suna bayan sun ji shi sau huɗu a cikin wasa, ko da yake sun manta da shi ba da jimawa ba, tunda ba a maimaita ba. Abin lura, yawancin masu irin waɗannan karnuka ba su zauna da niyyar koyarwa ba. Wasa suke yi, wata rana suka farga karen ya san sunaye. An kuma lura masu baiwar sun fi yawan karkata kai gefe guda idan an ambaci sunan abin da suka sani, irin karkatawar mai ƙoƙarin tuna wani abu.

Ko a cikin masu baiwar ma, kalmar ba lallai ta zauna a kansu yadda take zaune a kan mutum ba. Yaro idan ya koyi "ƙwallo", duk abu mai zagaye ƙwallo ne a wurinsa, babba ko ƙarami. Siffa yake bi. A jami'ar Lincoln ta Ingila an gwada wani kare mai suna Gable a 2012. Aka koya masa sunan wani abu, aka kawo masa wasu masu kama. Shi girman abin ya bi, daga baya kuma laushi ko kaushinsa. Ba mamaki, dabbar da ke ɗaukar kaya da baki, abin da baki ya ji shi ne zai fi zama mata.

Yanzu sai a leƙa cikin ƙwaƙwalwa.

A Budapest ɗin dai, Attila Andics da abokan aikinsa sun horar da karnuka 13 su kwanta cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, ba motsi, ba ɗauri, ba allurar barci. Wannan kaɗai aiki ne, don na'urar tana da ƙara. Aka sa musu abin ji a kunne, aka kunna muryar mai horar da su. Wani lokaci kalmar yabo da muryar yabo. Wani lokaci kalmar yabo da murya a sake, ba daɗi ba fushi. Wani lokaci kalmar da ba ta da ma'ana a wurin kare, irin su "amma", da murya mai zaƙi. Sakamakon da ya fito a 2016 ya nuna ƙwaƙwalwar tana bin kalma ta hanya ɗaya, tana bin yanayin murya ta wata hanya. Sashen jin daɗi kuwa, wanda ke motsawa idan an ba shi nama ko an shafa shi, ya fi motsawa ne idan biyun sun haɗu. Kalmar yabo da muryar yabo. Ɗaya ba tare da ɗaya ba bai isa ba. Ga batun farko ya dawo, kare yana jin kalma, amma ba ita kaɗai yake saurare ba.

A 2024 aka ƙara wani mataki. Marianna Boros da Lilla Magyari suka manna wa karnukan gida 'yan wayoyi a fatar kai, masu auna motsin ƙwaƙwalwa. Mai kare ya ce, "duba, ga ƙwallo". Sai ya ɗago ƙwallon, ko kuma ya ɗago wani abu dabam. Duk lokacin da abin bai dace da sunan ba, ƙwaƙwalwar takan nuna wata alama, mai kama da wadda ake gani a mutum idan an ce masa ga rago sai aka fito da akuya. Ma'anar wannan ita ce, da jin kalmar, hoton abin ya riga ya zo wa karen. Kuma waɗannan ba masu baiwa ba ne. Ke nan karen gida yana iya sanin sunan abu a ransa, ko da ba zai tashi ya ɗauko ba.

Sai kuma iyaka, don kowane abu yana da inda ya tsaya.

Kunnen kare ya fi na mutum kaifi, yana jin sautukan da mutum ba ya ji. Duk da haka ba ya damuwa da ƙananan bambance-bambance a cikin kalma. An nuna wannan a 2020. Aka faɗa wa karnuka umarnin da suka sani, sannan aka canza sauti ɗaya a cikinsa, kamar a ce "zauma" a maimakon "zauna". Ƙwaƙwalwarsu ta karɓi biyun kamar abu ɗaya. Sai da aka kawo kalmar da ta yi nisa sosai suka bambance. Jarirai ma haka suke har wajen wata 14, daga nan sai kunnensu ya fara tsinkayar kowane sauti, kalmominsu su yi ta yawa. Kare a nan yake tsayawa. Harshen ɗan Adam kuwa a kan irin waɗannan ƙananan abubuwa aka gina shi. Bahaushe yana raba kukan yaro da kukar miya da ɗan faɗuwar murya a gaɓar ƙarshe. Wanda bai sa kunne a irin wannan ba, rumbun kalmominsa ba zai yi girma ba.

Amma kiɗan harshe gaba ɗaya, wannan kare yana kama shi. Wata mai bincike, Laura Cuaya, ta tashi daga Meksiko ta koma Hangari da karenta Kun-kun, wanda bai taɓa jin wani harshe ba sai Sifaniyanci. Ta so ta san ko ya lura mutanen nan maganarsu dabam ce. Aka kunna wa karnuka 18 karatun littafi ɗaya da harsunan biyu. Ƙwaƙwalwarsu ta raba harshen gida da baƙon harshe, kuma tsofaffin karnuka sun fi rabewa. Daɗewa ana saurare ne ya koya musu. Kare ba ya zuwa duniya da harshe. Wanda ya tashi a gidan Hausawa, da Hausa kunnensa zai saba.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne ya fi ƙarfi, wato hannu da jiki.

Tun kafin kwikwiyo ya san kalma ko ɗaya, ya san nuni. A Amurka, Emily Bray da abokan aikinta sun gwada 'yan kwikwiyo 375 masu kimanin mako takwas. Aka kifa kofi biyu, abinci yana ƙarƙashin ɗaya, mutum ya nuna da yatsa. Yawanci inda yatsa ya nuna suke zuwa, tun daga gwajin farko, ba tare da horo ba. A birnin Naples na Italiya kuma, Biagio D'Aniello ya gwada karnukan ceto a ruwa, waɗanda suka iya umarni da baki da kuma da hannu. Aka sa baki ya ce abu ɗaya, hannu ya ce wani. Mafi yawan lokaci hannun suka bi. Gani ya kori ji. Shi ya sa mai kare zai rantse karensa ya san "kwanta", alhali duk lokacin da ya faɗa yana sunkuyawa yana nuna ƙasa. Shi ya sa kuma ake karɓar lissafin masu karnuka da taka tsantsan. A wani bincike a Kanada, masu karnuka sun ce a matsakaici karensu ya san kalma 89. Mai yiwuwa ne. Amma ido na ƙauna ne ya yi ƙidayar, kuma ba wanda ya ɓoye hannunsa lokacin da yake magana.

Daga nan ake gane dalilin da ya sa masu horar da karnukan 'yan sanda da na kiwo suke riƙe kalma gajeriya, guda ɗaya ga kowane aiki, ba sa canza ta. Suna zaɓen kalmomin da ba su yi kama da juna ba. Suna ba da lada nan take, kafin ɗaurin ya kwance. Kare kuwa da ake yi wa dogon faɗa bayan ya yi ɓarna da awa biyu, sunkuyar da kan da yake yi amsa ce ga murya da fuska. Jawabin bai shige shi ba.

Masu sauraro, duk mai karen gadi ko na farauta yana iya gwada wannan a tsakar gidansa. Ya juya wa karen baya, ya haɗa hannuwansa a ƙirji, ya faɗi umarnin da murya a sake. In karen ya yi, to kalmar ya riƙe. In ya tsaya yana zagayowa don ya ga fuskar mai gidan, to an san abin da ya daɗe yana karantawa.